Darussa daga shimfiɗar bututun numfashi a ciwon asma

Abin da ake fara koya wa ɗalibi game da asma shi ne tsokar da ta nannaɗe bututun iska: ta matse, numfashi ya yi wuya, a shaƙi magani ta saki. Haka 'yan uwanmu masu jinya a Jidda da Makka suka fahimci abin, su da suke kiran ciwon rabu, abin shaƙar kuma bakhakh. Amma aiki a ɗakin gwaji da ɗakin duba marasa lafiya yana karkatar da hankalin mutum zuwa siririyar shimfiɗar da ke cikin bututun, wadda kowace iska ke shafawa kafin ta isa huhu. A can rikicin yake farawa, can kuma yake daɗewa bayan tsokar ta saki.

Manyan ƙwayoyin halitta iri uku ne suka gina shimfiɗar. Akwai masu 'yan gasu a ka, waɗanda ke kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa suna tura majina sama. Akwai masu yin majinar. Sai na tushe, da ke kwance a ƙasa suna haifar da sauran idan sun lalace. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai ɗinki na furotin, irin su okuludin da kulodin da ZO-1, wanda ke hana abin waje kutsawa.

Darasin farko shi ne shimfiɗar ce ke fara magana. Idan guguwar ƙura ta taso a Riyad, ko aka cika ɗaki da hayaƙin bukhur ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne ga tagogi a rufe, ko mura ta shiga, ƙwayoyin da suka ji rauni sukan saki saƙonni uku: TSLP da IL-33 da IL-25. Shi IL-33 a ajiye yake cikin cibiyar ƙwaya, ba sai an ƙera shi ba, ƙwaya na fashewa yake fita. Ƙananan ƙwarin katifa da kafet, waɗanda suka fi samun wurin zama a laimar Jidda fiye da busasshiyar iskar Riyad, suna da wani sinadari a kashinsu, Der p 1, da ke yanka okuludin kai tsaye. Saƙonnin nan uku su ke tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su mayar da martani da IL-4 da IL-5 da IL-13. IL-5 ɓargo yake nufa, ya ƙara yawan eyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a jini. IL-13 kuwa shimfiɗar yake komawa.

A kan IL-13 ya kamata ɗalibi ya daɗe, domin shi ke sake fasalin shimfiɗar. Yana kama mai karɓar saƙo mai sassa biyu, IL-4Rα da IL-13Rα1, ya kunna furotin ɗin STAT6 mai isar da saƙo a cikin ƙwaya, daga nan SPDEF, furotin mai mayar da ƙwaya mai yin majina, ya tashi. Sakamakon haka masu yin majina su yawaita, masu gashi su ragu. Ita majinar ma canjawa take yi: cikin manyan furotin biyu da ke gina ta, MUC5AC ya hau, MUC5B ya sauka, ta yi kauri da danƙo, ta manne a bakin ƙwayar da ta fitar da ita, gasun su kasa gusar da ita. Eyosinofil da suka taru sukan ƙara mata tauri ta hanyar ɗaure zaren majinar da juna. Wannan ce majinar da ke toshe ƙananan bututu har a gan ta a hoton siti sikan, kuma bakhakh mai buɗe bututu ba ya narkar da ita. IL-13 ɗin dai shi ke sa shimfiɗar ta fitar da CCL26 mai kiran eyosinofil, da feriyostin mai shiga ƙasan shimfiɗa, ya kuma kunna inzayim ɗin iNOS mai samar da iskar naitirik oksaid.

Duk wannan ana iya ganinsa a faranti, in an bi ƙa'ida. Ana shuka ƙwayoyin bututun mutum a kan tacacciyar leda mai huda 0.4 maikuromita, cikin ɗumi 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Idan sun rufe ledar, bayan kwana 3 ko 4, sai a kwashe ruwan sama a bar su suna fuskantar iska, ana ciyar da su ta ƙasa kawai, ana canja ruwan duk bayan kwana 2. Sai sun yi kwana 21 zuwa 28 kafin su zama shimfiɗa ta gaske mai gashi da majina. Mai gaggawa da ya zuba IL-13 a kwana na 7, tambayar da ya amsa ita ce yadda saƙon ke karkatar da girman ƙwayoyi, ba yadda yake canja shimfiɗar da ta riga ta nuna ba. Tambayoyi ne biyu daban, kuma sau da yawa ana rubuta ɗaya da sunan ɗayar.

Ta ƙasa ake zuba IL-13, galibi nanogiram 10 a kowace mililita, domin ta nan yake iske shimfiɗar a jiki. Kowane sakamako da lokacinsa. STAT6 yakan kunnu cikin minti 15 zuwa 30. Saƙon CCL26 yakan hau cikin sa'o'i. Yawaitar masu yin majina kuwa sai an yi kwana 7 zuwa 14 ana sabunta furotin ɗin a duk canjin ruwa. Wanda ya duba a sa'a 24 ya ce babu canjin majina, agogonsa ne ya yaudare shi.

Kurakuran da suka fi ɓata aiki ƙanana ne. Yawancin ruwan ciyar da waɗannan ƙwayoyi yana ɗauke da haidurokotizon, wato dangin maganin da ake ba mai asma, don haka idan ba a cire shi kwana guda kafin gwaji ba, martanin kumburi zai fito a danne. Furotin ɗin saƙo yana manne wa roba idan ba a narka shi da ɗan albumin ba, kamar kashi 0.1 cikin 100, kuma daskarewa da narkewa sau da yawa na kashe ƙarfinsa. A raba shi ƙanana tun ranar farko a ajiye a sanyin 80 ƙasa da sifili. A ƙasa mai zafin Saudiyya, kwalin da ya iso busasshiyar ƙanƙararsa ta ƙare abin tuhuma ne, a gwada shi da STAT6 kafin a ɗora masa aikin wata guda. Majinar saman faranti kuma a riƙa wanke ta da ruwan gishiri mai ɗumi, in ba haka ba abin da za a auna tarin makonni ne.

Ƙarfin ɗinki ana auna shi da juriyar lantarki. A cire adadin ledar da babu ƙwaya, a ninka saura da faɗin leda, 0.33 santimita murabba'i a ƙaramin faranti. Farantin da ya huce a kan tebur yakan ba da adadi sama da na gaskiya. Sannan ba kowane layin ƙwayoyi, wato ƙwayoyin da ake ta rainonsu a ɗakin gwaji, ya dace ba: BEAS-2B ba ya yin ɗinki mai ƙarfi, Calu-3 da 16HBE sun fi shi, A549 kuwa daga kansar huhu ya fito, ya fi kama da ƙwayoyin jakunkunan iska. Ko faɗuwar adadin ma ba kullum take nufin ɗinki ya yage ba, tunda IL-13 yana buɗe ƙofofin kulorayid a jikin ƙwaya, lantarki ya samu wata hanya. Sai an haɗa da gwajin wucewar rini mai ƙyalli da hoton ZO-1.

Faranti dai ba majinyaci ba ne. A 2009 Prescott Woodruff da abokan aikinsa a San Francisco sun nuna cewa kusan rabin masu asma mara tsanani da suka duba ne kawai shimfiɗarsu ke ɗauke da tambarin IL-13, kuma su ne suka fi amfana da sitiroyid na shaƙa. Magungunan da suka toshe IL-13 shi kaɗai, lebrikizumab da tralokinumab, ba su kai labari ba a manyan gwaje-gwajen asma. Dupilumab da ya toshe IL-4Rα, ya rufe hanyar IL-4 da IL-13 tare, shi aka amince da shi don asma a Amurka a 2018, tezepelumab mai toshe TSLP ya biyo a 2021. Akwai kuma masu asmar da IL-17 ke sa shimfiɗarsu kiran nutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini daban, su sitiroyid bai cika yi musu aiki ba.

A ɗakin duba marasa lafiya, kowane awo da saƙon da yake wakilta. Naitirik oksaid na numfashi, wanda ake hurawa a gudun mililita 50 a daƙiƙa, muryar IL-13 ce a shimfiɗa: ƙasa da 25 kaɗan ne ga babba, sama da 50 ya yi yawa. Eyosinofil na jini, wanda ake sa wa iyaka a 150 ko 300 a maikurolita, ya fi bin IL-5. Shi ya sa mepolizumab mai toshe IL-5 ke saukar da eyosinofil ya bar naitirik oksaid kusan yadda yake, dupilumab kuma ya saukar da naitirik oksaid alhali eyosinofil na iya hawa na ɗan lokaci, saboda an rage kiran da ke fitar da su daga jini. Taba da shisha suna danne awon numfashin, cin latas ko alayyafo dab da gwaji yana ɗaga shi. Jagorar SINA ta ƙungiyar likitocin ƙirji ta Saudiyya, wadda ta fara fitowa a 2009, tana amfani da awon biyu wajen tantance asma mai tsanani.

Ga mutanenmu akwai ƙarin tambaya. Alhaji ko Hajiya da suka taso a Kano ko Damagaram ko Jazira ta Sudan, ko suke yawan zuwa gida, eyosinofil ɗinsu na iya hawa saboda tsutsar ciki ko tsargiya, domin da waɗannan saƙonnin ne jiki ke yaƙar tsutsa. A tambayi inda mutum ya zauna da ruwan da ya shiga, a duba bayan gida da fitsari da jini, a yi maganin abin da aka samu kafin a fara allurar toshe saƙo. Tsutsar Strongyloides tana iya shekaru a jiki shiru, kuma sitiroyid na sha ko na allura yana iya sa ta bazu har cikin huhu.