Jidda, Birnin da Ruwa Ke Zo wa ta Baya

Bayan na kammala Umara na kama hanyar Jidda a mota, kuma tun daga bakin gari idona ya tsaya a kan manyan magudanan ruwa na kankare, busassu ƙayau, waɗanda suka gangaro daga duwatsun gabas suka nufi Bahar Maliya. Baƙo zai yi mamakin irin wannan aiki a ƙasar da kan shafe watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Mai masaukina, wani dattijo Bahaushe haifaffen garin, shi ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, mu nan ba teku muka fi tsoro ba, abin tsoronmu yana bayanmu." Washegari ya kai ni unguwar Kuwaiza, inda ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009 ta fi yin ɓarna, a ranar da alhazai ke fita Mina. Ruwan sa'o'i kaɗan ne ya taru a kwaruruka, ya tarar an gina gidaje a kan hanyarsa, ya yi awon gaba da motoci da mutane, aka rasa rayuka fiye da 120 a birnin. Ya nuna mini wani bango, ya ɗora tafin hannunsa sama da kansa, ya ce nan ruwan ya kai.

Bayan wata ambaliyar a Janairun 2011 hukuma ta gina madatsun ruwa a bakin kwarurukan, ta kuma faɗaɗa magudanai. A ganina aikin ya yi amfani, domin a ranar 24 ga Nuwamban 2022 an yi ruwan da ya kai milimita 179, wanda ya zarce na 2009 nesa ba kusa ba, an rufe makarantu tun da wuri, kuma mutum biyu ne suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Duk da haka tituna sun cika, har aka rufe hanyar Makka na wani lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, saboda haka ɗumamar duniya tana ƙara wa irin wannan mamako ƙarfi, alhali teku tana ƙara tasowa a daidai inda magudanan ke zubar da ruwansu. A tsohuwar unguwar Al-Balad na shafa gindin wani gida da aka gina da duwatsun murjani, na ji gishiri yana marmashewa a yatsuna, ga ma'aikata can a sama suna gyaran tagoginsa na katako.