Juma'a a Ƙamsar

Yanzu na dawo ɗaki, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, rigata har yanzu ƙamshin fure take yi. Tun bayan sallar asuba ni da abokin ɗakina muka bar Ƙum, a nan ƙasar Iran, muka nufi Kashan, daga can muka shiga tasi zuwa Ƙamsar, tafiyar wajen kilomita 30 ana hawa dutse. Watan Ordibehesht ake ciki a kalandarsu, lokacin da ake tsinko furen wardin da suke kira gol-e Mohammadi ana tatsar ruwansa.

Tun kafin mu isa motoci suka yi cirko-cirko. Lambobin Tehran, na Isfahan, manyan bas-bas cike da mata da yara. Na ce wa direba lallai garin nan babba ne. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce in dawo da hunturu in gani.

Ashe gaskiyarsa. A ƙidayar 2016 mutanen Ƙamsar ba su kai dubu huɗu ba. Unguwarmu kaɗai a gida ta ninka haka, amma mai unguwa ɗaya gare mu, shi ma ba ofis. Nan kuwa “shahr” ne a takarda, wato birni, yana da majalisar gari da ake zaɓa, da magajin gari, shahrdar, wanda majalisar ke naɗawa. Shi ne kuma hedikwatar gundumar Ƙamsar, abin da suke kira bakhsh. Sama da bakhsh akwai shahrestan na Kashan, sama da shi lardin Isfahan, ɗaya daga cikin lardunan Iran 31. Wannan na ƙarshen ya ɗaure mini kai, don Kashan ta fi kusa da Ƙum nesa ba kusa ba, amma takardunta Isfahan suke tafiya.

Mun tsaya a wani gida inda wani dattijo ke aikin. Tukunyar tagulla ce ƙatuwa a kan murhu, an danƙare ta da fure da ruwa, an rufe bakin ruf. Bututu ya fito daga murfin ya gangara cikin wani tulun tagulla da aka nutsar a ruwan sanyi, tururin na shiga yana komawa ruwa. Hannuwansa sun yi kanta, gefen faratansa duk ja-ja. Ya tsiyayo mini kaɗan a tafin hannu, da ɗuminsa, ya ce in shafa a fuska. Suna alfahari a garin cewa da irin ruwansu ake wanke Ka'aba, ya faɗa mini haka har sau biyu.

Da 'yar Farisancina mai ɗingishi na ce, Baba Alhaji, ku nawa ne a garin nan? Ya ce, ɗana, ya danganta da ranar da ka ƙirga. Masu ƙidaya da kaka suke zuwa, lokacin fure ya wuce, masu lambuna da gidajen shan iska sun koma Kashan da Tehran sun kulle ƙofofi. Shara kuwa da ruwa da gyaran titi, na taron yau ne ake yi wa, ba na adadin da ke rubuce ba. Bai faɗa da fushi ba, yana magana yana gyara wuta. Ni dai na ga yana da hujja, don da idona na ga kwandunan shara sun cika sun tumbatsa tun kafin azahar.

Duk da haka da na yi suɓutar baki na ce “rusta”, ƙauye ke nan, sai ya ɗaga yatsa ya gyara mini: shahr. Abokina ya ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Na sayi kwalba biyu, ɗaya ta Hajiya idan Allah ya kai mu hutu. Sai da muka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin, yana cewa “ƙabel nadare”, wai ba komai, ina dagewa, a karo na uku ya karɓa. A hanyar dawowa murfin ɗaya ya kwance a jaka, littafin nahawuna ya sha rabi. Na baza shi a bakin taga, gobe da shi zan shiga aji ko ya bushe ko bai bushe ba.