Tarihin Rayuwata a Ɗakin Hoton Asibiti, Kashi na 9: Gudan Jini a Babbar Jijiya

Makon jiya mun tsaya a kan masu jegon da ake kawo mana a Gusau, zuciya ta kumbura bayan haihuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro a kansu shi ne gudan jini. Zuciyar da ta raunana ba ta iya tura jini duka, sauran ya kwanta ya daskare. Ran da gudan ya ɓalle, yana iya bin babbar jijiya, wadda likitoci ke kira awota, ya gangara har saitin cibiya inda ta rabu biyu, ya toshe nan.

Nan take ƙafafu biyu su ɗauki ciwo, su yi sanyi ƙarara, can su mace. A gida sai a ce iska ce, a hau gashi da ruwan zafi. Don Allah a daina. Fatar ba ta ji, ƙonewa take yi, kuma bayan awa 6 babu jini naman ƙafa ya fara mutuwa.

Kafin kowace na'ura, yatsa ne: a taɓa matsematsi biyu. In ba bugun jijiya, a hanzarta.

Sikanin ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ne na kusa. Awota lafiyayya ba ta kai santimita 3 a faɗi ba, cikinta baƙi wuluk a allo. Gudan kuwa toka-toka yake fitowa, in an kunna launin da ke nuna gudun jini sai ka ga jini ya zo ya tsaya. Iskar hanji ce ke rufe hoton, shi ya sa wanda ba na gaggawa ba ke zuwa da azumin awa 6 zuwa 8. Wannan kam ba a jira, dannawa ake a hankali har hanjin ya kauce. Ɓangaren awota da ke ƙirji kuwa haƙarƙari da huhu sun tare shi.

Siti sikan, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, shi ke raba gardama. A sa koriyar kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya, a gwiwar hannu, a tura ruwan aidin mai haska jini a hoto, kamar mililita 100, mililita 4 zuwa 5 a daƙiƙa. Jini ya yi fari tas, gudan ya zauna duhu a tsakiya. Inda ake tuntuɓe shi ne lokaci: zuciyar mai jegon nan a hankali take turawa, in aka ɗauka da wuri, jinin da ruwan bai gauraya da shi ba sai ya yi kama da guda. Sai a ƙara ɗauka bayan kamar minti ɗaya. A kuma ɗebi jini a duba ƙoda, a tambaya ko tana shan Metformin, maganin ciwon sukari, saboda ruwan aidin na iya taɓa ƙoda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai allurar Heparin mai hana jini daskarewa da yadda ake zaro gudan ta matsematsi.