Abin da wushirya ta koya min a ɗakin haƙori

Shekarata ta farko a ɗakin haƙori a nan Gusau kowa likita yake ce min, ni kuma ba na hanawa, alhali ni aikina wankin haƙori ne da ɗan ciko da koya wa mutane yadda ake goge baki. To ka san mutum, in an daɗe ana kiran shi da suna sai ya fara yarda.

Wata rana wata Hajiya ta zo da ɗiyarta 'yar shekara 13, haƙoran sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa sai ta matsa, ga wushirya a tsakiya. Hajiya ta ce Malama likita wanga abu yana gyaruwa kuwa? Ni da rawar kai na ce sosai ma Hajiya, wayar daidaita haƙora za a sa mata, wata uku huɗu an gama, har wushiryar ma a rufe. Sai na ga fuskarta ta canza, ta ce a'a ɗiyata, wushiryar nan ta kakarta ce, kar wanda ya taɓa min ita. Wallahi ko a raina ban kawo ba, duk da nima a nan aka haife ni kuma na san yadda ake yabon mai wushirya, amma karatu ya riga ya sa min a kai cewa duk rata a haƙori matsala ce.

Maganar wata ukun ce ta fi ba ni kunya. Muna da wani ƙwararren mai daidaita haƙora da kan zo mana lokaci lokaci, da ya duba yarinyar bai ko yi zancen waya ba, tambaya ya dinga yi, ta tsotsi yatsa tana ƙarama? da baki take numfashi in tana barci? yaushe ta gama famfara? Ya sa aka ɗauki hoton muƙamuƙi aka yi kwafin haƙoran, sannan ya ce wa Hajiya aikin zai ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, duk bayan sati huɗu zuwa shida a dawo a ɗaure, in an cire kuma akwai robar da za ta riƙa kwana da ita don kar haƙoran su koma gidan jiya. Hajiya ta juyo ta kalle ni. Ni dai na duƙa ina ta jera almakashin da tun safe a jere yake.

Bayan sun fita bai yi min faɗa ba, ya ce Malama zauna. Ya ce haƙori ba ƙusa ba ne da za a finciko, a hankali ake tura shi, ƙashin da ke gabansa yana narkewa na bayansa yana ginuwa, in ka yi gaggawa saiwa ta lalace haƙori ya fara girgiɗi. A nan na fara jin sunan Edward Angle, mutumin Amurka da tun 1899 ya kasa matsalar cizon haƙora, wato yadda na sama da na ƙasa ke haɗuwa, gida uku, kuma har yau da lissafinsa ake aiki, yarinyar nan ma a kashi na biyu take. Ƙungiyar masu daidaita haƙora ta can Amurka da aka kafa a 1900 ita ke cewa a kai yaro a duba shi tun yana shekara 7, mu nan sai budurwa ta kusa aure ake tunawa.

Ban san ma muna da irin ƙungiyar nan a Najeriya ba sai ranar, NAO suke ce mata. Kafin mutum ya zama ƙwararre a cikinsu sai ya yi shekara 6 yana karatun likitan haƙori, ya yi rajista da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, sannan ya sake shafe wasu shekaru yana koyon wannan fannin kaɗai ya ci jarabawar kwalejin ƙwararru. Da nake ganin ƙungiyoyin nan taro ne kawai da cin shinkafa a otal, sai da wata matashiya ta zo mana da wayar gayu da aka liƙa mata a wani shagon kwalliya, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora biyu sun karkace, sannan na gane amfanin a ce akwai inda za ka tambaya ko wane ya iya ko bai iya ba.

Abin da ke damuna kawai ƙwararrun nan yawanci suna kudu ne ko manyan asibitocin koyarwa, ka ce wa talaka ya riƙa bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa har Kano duk wata, da kuɗin mota da halin da hanyar ke ciki, ai da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Ita dai ɗiyar Hajiya an sa mata wayar, likitan ya yi mata bayanin cewa in aka ja haƙoran baya ratar za ta ragu dole, suka yi ta ciniki kamar a kasuwar Tudun Wada har aka tsaya a kan zai bar mata 'yar kaɗan. Har yanzu in Hajiya ta shigo sai ta ce ina Malama mai wata uku.