Ɗaukar yara daga makaranta don tafiya hutu: abin da aikin aji ya koya mini

Iyayen da suka yi niyyar tafiya hutu da 'ya'yansu ana tsaka da zangon karatu kusan duk tambaya ɗaya suke zuwa da ita: "Malam, kwana biyar ne fa kawai, zai cutar da shi?" Duk malamin da ya daɗe yana kiran suna da safe ya san ba a amsa wannan tambaya sai an ji waɗanne kwana biyar ɗin ake nufi. Ranakun makaranta ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai makon da yaro zai yi fashinsa ya dawo ya zauna kamar bai je ko'ina ba, akwai kuma makon da giɓin da ya bari zai yi ta binsa har ƙarshen shekara.

Ba na raina dalilan iyaye. Kuɗin jirgi da na masauki suna tashi ne daidai lokacin da makarantu suka rufe, domin kowa a lokacin yake nema. Wasu iyayen aikinsu ba ya sakin su a kakar hutu, kamar ma'aikatan asibiti da sojoji da masu aiki a otal. Wasu kuma suna da tsofaffi a nesa, suna so jikoki su gan su tun ana da rai. Kuma yaro yana ƙaruwa da tafiya, wannan ba abin musu ba ne. Abin da nake so iyaye su sani shi ne me ake bari a baya, domin su yanke shawara ido buɗe.

Mu fara da lissafin kwanakin. A Ingila shekarar karatu kwana 190 ce, a yawancin jihohin Amurka kuma wajen 180. Kwana biyar cikin 190 bai kai kashi 3 cikin 100 ba, shi ya sa ake ganin ba wani abu ba ne. Amma ɗalibin sakandare yana yin darasi biyar ko shida a rana, ke nan mako guda darasi 25 zuwa 30 ne. Sannan kwanakin tafiya hawa suke yi a kan na mura da zazzaɓi da ganin likita, waɗanda ba mai iya hana su. A ƙasashen nan biyu, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin shekara, wato 19 a Ingila ko 18 a Amurka, an sa shi cikin masu yawan fashi, da izini ko ba izini. Idan kuma tafiyar ta zama ta kowace shekara, mako guda har shekara 12, kwana 60 ke nan, kusan zango guda cur.

Inda illar take zama kuwa shi ne a darussan da suke kamar sarƙa, kowane zobe yana riƙe da na gabansa. Lissafi ne kan gaba. A ɗauki makon da ake koya wa aji yadda ake haɗa sulusi da rubu'i. Ranar Litinin malam zai nuna cewa rabi da biyu bisa huɗu abu ɗaya ne. Talata a yi ta gwaji a kan haka. Laraba a koyi nemo lambar da 3 da 4 duk suke shiga cikinta ba saura, wato 12. Alhamis a mayar da 1/3 ya zama 4/12, 1/4 ya zama 3/12, a haɗa a sami 7/12. Yaron da ba ya nan a wannan mako zai dawo ya ga 1/3 + 1/4 a kan allo, ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/7 da hannu mai ƙwari, ya ja layi biyu a ƙasa. Bai san ya yi kuskure ba, don haka ba zai ɗaga hannu ya yi tambaya ba. Bai kuma lura cewa 2/7 bai ma kai sulusin da ya fara da shi ba. Wannan kuskure zai bi shi zuwa lissafin kashi cikin ɗari, daga nan zuwa aljabara, kuma sau da yawa sai bayan wata biyu ake gano asalinsa, lokacin da iyaye suka manta da tafiyar suna cewa yaron ne ba ya mai da hankali.

Haka abin yake ga ƙananan yara masu koyon haɗa baƙi. Mutane suna ɗauka ajin farko wasa ne, don haka fashi a can ba komai. A wajen karatu akasin haka na gani. A shekarun farko ana gabatar da sababbin sautuka kusan kowane mako, kuma littafin da za a ba yaro mako mai zuwa an tsara shi ne a kan cewa ya riga ya san na makon jiya. Idan ya rasa su, sai ya fara cankar kalma daga hoto ko daga harafin farko, kuma raba yaro da canka ya fi koya masa sautin wahala. Koyon sabon harshe ma haka yake. Gwajin kimiyya a ɗakin gwaje-gwaje kuma matsalarsa daban: an fito da kayan aiki, an yi, an mayar, ba za a sake jera su don mutum ɗaya ba. Tarihi da labarin ƙasa sun fi sauƙin cikewa, yaro mai iya karatu zai karanta babin da kansa.

Saboda haka, idan tafiyar ta zama dole, zaɓen mako ya fi rage kwana muhimmanci. Mafi muni su ne makonni biyu na farkon shekarar karatu. A nan ake raba wurin zama, a kafa dokokin aji, malam ya gwada yara ya san matsayin kowa, yara su ƙulla abota. Wanda ya zo daga baya yakan tarar kowa ya kama abokinsa. Ba banza ba dokar Holand, wadda ta yarda shugaban makaranta ya ba da hutun da bai wuce kwana 10 ba ga iyayen da yanayin aikinsu ya hana su tafiya a lokacin hutu, ta hana a ba da shi a waɗannan makonni biyu. Sai makon da za a buɗe sabon babi a lissafi, sai makonni biyu ko uku kafin jarrabawa, lokacin bita. Shekarar jarrabawar fita kuwa, shawarata a haƙura da ita gaba ɗaya. Mafi sauƙi su ne kwanakin bayan an gama jarrabawar zango, ko kwana ɗaya ko biyu da za a jingina da wani hutu da ke cikin jadawali. Tambayar da ta fi amfani a yi wa malamin aji, tun kafin a sayi tikiti, ita ce: "A wane mako za ku fara sabon babi, yaushe ne kuma gwaji?" Cikin minti biyu zai faɗa.

Sai batun doka, wanda ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gunduma zuwa gunduma, kuma da yawa ba sa dubawa sai wasiƙa ta iso. A Ingila, tun watan Satumba na 2013 shugaban makaranta ba ya ba da izinin hutu sai da dalili na musamman, kuma arhar tikiti ba ta cikin irin waɗannan dalilai. Wani uba mai suna Jon Platt ya kai 'yarsa hutu jihar Florida ta Amurka ana cikin zango a 2015, ya ƙi biyan tara da hujjar cewa halartarta ta haura kashi 90 cikin 100. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2017 ta yanke cewa zuwa makaranta a kai a kai yana nufin zuwa bisa ƙa'idar da makaranta ta gindaya. Daga watan Agusta na 2024, fashin kwana biyar ba izini cikin makonni 10 na karatu ya isa a duba cin tara: fam 80 idan an biya cikin kwana 21, fam 160 idan an wuce haka, kuma a kan kowane mahaifi, kowane yaro. Uwa da uba da yara biyu, fam 320 ke nan. A Jamus ma ba a wasa da tilascin zuwa makaranta, har a 2018 'yan sanda a jihar Bavariya suka tsaya a filayen jirgin sama gab da hutu suna tambayar iyaye takardar izini. A wasu jihohin Amurka kamar Kalifoniya da Texas, kuɗin da makaranta ke samu yana rataye ne da yawan yaran da suka halarta kullum, wanda yana cikin abin da ke sa su matsa. A nemi rubutacciyar ƙa'idar makarantar, a rubuta neman izini aƙalla wata guda kafin tafiya, da ranar fita da ranar dawowa da dalili, a kuma ajiye amsar.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye su guje masa shi ne su buga waya su ce yaron ba shi da lafiya. Yaro ba ya riƙe irin wannan sirri, kafin a tashi tara ya ba abokansa labarin jirgi. Idan ma ya riƙe, an ɗora masa kayan da bai kamata ya ɗauka ba: an koya masa yi wa malaminsa ƙarya, an kuma hana shi tambayar abin da ya wuce shi hankali kwance. Malami ma yakan yi tanadi daban ga wanda ya san zai yi tafiya, abin da ba zai iya yi wa mai ciwon ƙarya ba.

Akwai yaran da zan ce wa iyayensu kai tsaye kada su tafi da su. Wanda dama yana baya a karatu ko lissafi, wanda ya riga ya yi fashin kwana takwas ko goma a shekarar, da wanda ke da fargabar makaranta, irin mai kukan ciwon ciki kowace safiyar Litinin. Na ƙarshen nan shi ya fi damuna, domin duk kwanan da ya ƙara a waje yana ƙara masa nauyin komawa.

Iyaye da dama suna cewa a haɗa musu aikin mako guda su tafi da shi. Niyyar mai kyau ce, amma abin ba ya cika yin aiki. Takardar atisaye an yi ta ne don maimaita abin da aka riga aka koya, ba ta koyar da sabon abu. Malami kuma yakan sauya shirinsa bisa yadda aji ya gane darasin jiya, don haka abin da zai bayar kwana goma kafin lokaci hasashe ne. Yawanci takardun suna dawowa a ƙasan jaka a lanƙwashe ba a taɓa su ba, ko a cike su a gurguje daren dawowa. Abin da ya fi shi ne a nemi sunan babin da lambobin shafukan da za a yi, a ɗauki littafin karantawa guda, a tsai da minti 20 kowace safiya kafin a fita: minti goma karatu a bayyane, minti goma lissafi, tambaya biyar ko shida sun isa. Yaron da ya iya rubutu ya rubuta jimla huɗu ko biyar da yamma a kan abin da ya gani. Duk abin da ya wuce haka rigima yake kawowa, a ƙarshe a watsar.

Babban aikin yana bayan dawowa ne, kuma nan ne aka fi sakaci. Kada a sauka daga jirgi daren Lahadi a tura yaro aji da safe. Idan akwai bambancin agogo, jiki yakan ɗauki kamar kwana guda a kan kowace awa kafin ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Yaron da ke gyangyaɗi kwana uku a kan benci ya mai da fashin kwana biyar ya zama takwas, ko da rajista ta nuna yana nan. A bar aƙalla kwana guda a gida, a mai da lokacin barci yadda yake.

A rana ta farko yaron ya ari littafin ɗan ajinsu mai tsabtar rubutu, a ɗauki hoton shafukan. Kwafewa kaɗai ba ta wadatar ba, hannu ne ya yi aiki. A bi darussan bisa nauyinsu, lissafi da karatu da harshe tukuna, saura daga baya, minti 30 kowace yamma na tsawon mako guda. Inda ya cije, a rubuta tambayar ainihinta, a nemi minti goma wurin malam a lokacin da shi malamin ya zaɓa. Ya kamata iyaye su san cewa wannan minti goma daga wani wuri ake yanko shi, ko daga hutun malam ko daga lokacin sauran yara talatin, kuma idan akwai aikin rukuni, wasu yara ne suka ɗauki kason wanda ya tafi. Godiya a nan ta dace, haka ma cika alkawarin duk ranar da aka ce za a kawo aiki.

Bayan mako biyu da dawowa a sake dubawa, domin a lokacin ne giɓi yake fitowa fili, aji ya hau kan abin da aka koya ba ya nan. A zaɓi tambaya uku daga aikin makon da ya rasa, a ba shi ya yi ba tare da duba littafi ba, ya kuma bayyana da baki yadda ya kai ga amsar. Idan ya faɗi biyu, ko ya ci amsa amma ya kasa faɗin dalili, a koma wurin malam kafin a shiga babi na gaba.