Godiya bayan kammala karatun kare yara

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun kammala karatu da horon aiki a fannin kare yara a nan Kano, kuma akwai waɗanda ya zama dole mu gode musu a bainar jama'a.

Malamanmu ne a gaba. Sun zaunar da mu kan Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 da Dokar Kare Yara ta Jihar Kano ta 2023, har ya zauna mana cewa maslahar yaro ce ake fara dubawa kafin ta kowa. Allah Ya ƙara ilimi.

Sai jami'an jin daɗin jama'a da suka riƙe mu a bakin aiki. A hannunsu muka ga yadda ake bi: rajista, auna haɗarin da yaro ke ciki, tsara taimako tare da iyali, bibiya, sannan a rufe fayil. Lamba ake sa wa fayil, ba suna ba, kuma a kulle yake kwana. Sun hana mu sa wa yaro magana a baki. "Faɗa min abin da ya faru" ake cewa, ba "ai wane ne ya taɓa ki, ko?" ba, don yaro kan bi bakin babba, shaidarsa ta yi rauni a kotu. Ba a kuma yi masa alkawarin ɓoye abin da tilas a kai gaba. Ranar da ya ji maganar a waje, ya daina yarda da kowa.

Ma'aikatan jinya, mun gode ƙwarai. Ku kuka nanata mana cewa bayan fyaɗe maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ciki kuma kada ya wuce awa 120. Uwa takan yi saurin yi wa yarinya wanka da ruwan zafi, tausayi ne, amma shaida ke tafiya. Tufafin ma a takarda ake naɗewa, leda na tara danshi ya lalata su.

Iyayenmu masu unguwanni da limamai da suka ƙi yarda a yi sulhu kan fyaɗe, Allah Ya ja kwana. Sulhu na da muhallinsa a rikicin ciyarwa da riƙon yara, ban da nan.

Iyalan da suka buɗe mana ƙofa, ba za mu ambaci sunanku ba, ba kuma za a ga hoton 'ya'yanku a Facebook daga gare mu ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya yaran.