Idan Kasuwa Ta Faɗi, Kai Ka Fara Buga Waya

Wani matashi da ya fara aikin ba da shawara kan zuba jari ya tambaye ni yadda zai tara abokan hulɗa, sai na ce masa ya fara sanin tabon da ke zukatan mutanen da zai zauna da su. Dattawan da suka sayi hannun jarin bankuna kafin faɗuwar kasuwa a 2008, wasu ma da bashi, har yau takardun suna jibge a akwati, matasa kuwa ba su manta da MMM ba, harkar nan ta zuba kuɗi ta intanet mai alkawarin riba mai tsoka, wadda ta riƙe kuɗin jama'a a Disambar 2016. Duk wanda ya zo musu da zancen riba, da wannan idon suke kallonsa, kuma ban ga laifinsu ba.

Na taɓa shimfiɗa wa wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari lissafi, ya ture takardar gefe ya ce, "Malam, kafin mu je nan, akwai kuɗin ruwa a ciki?" Na yi masa bayanin sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara fitarwa a 2017 a kan naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, na nuna masa cewa kuɗin haya ake biya, ba ruwa ba. Ya ce sai ya tambayi malaminsa, ni kuma ban matsa masa ba. Da ya dawo bayan mako uku, tambayarsa ita ce, "To, kai mene ne naka a ciki?" Tun daga ranar nake faɗin kamashona da bakina kafin a tambaye ni, in kuma nuna shaidar rajistar kamfaninmu da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari.

Inda na taɓa yin kuskure shi ne lokacin da jarin wani bawan Allah ya ragu, kunya ta sa na yi shiru ina jiran farashi ya farfaɗo. Daga bakin ƙaninsa ya ji labarin. Asarar ba ta taka kara ta karya ba, shirun ne ya ɓata masa rai, ya janye kuɗinsa, 'yan uwansa biyu suka bi shi. Saboda haka a 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, na riƙa kiran mutanena ɗaya bayan ɗaya ina gaya musu cewa ribar da suke gani a takarda ba ta kamo tsadar kaya ba, muka zauna muka sake lissafi.

Game da samun sababbin mutane, ban taɓa ganin talla a Facebook ta kawo mini wanda ya daɗe ba. Yawancinsu wani ne ya riƙo hannunsu ya kawo su. Ina zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, amma ba na ɗaga maganar kuɗi a wurin, ko da magada ne suka fara taɓo ta. Sai in ce mu haɗu a ofis bayan an yi addu'ar bakwai.